Shekarar da Na Koma Bencin Baya

'Ya'yana, ku karanta wannan a natse, don na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba su san yadda aka yi ba. An ce taurin kai ne ya kai ni bencin baya. Taurin kan akwai shi, ban taɓa musu ba, uwarku ma shaida ce. Amma ba shi kaɗai ba ne. Shekara tara ke nan rabona da cin Jibin Ubangiji, gurasar nan da masu bi suke karɓa tare, a cocinmu na Bagudo, ni da na yi shekara goma sha takwas ina sakataren ikilisiya. Magana ɗaya tak ake jira in miƙe in faɗa a gaban jama'a a mayar da ni, kuma ina so ku san abin da ya hana ni faɗarta.

Ni ba haifaffen nan ba ne. Aikin malamin gona ya kawo ni daga ƙasar Zuru, da keke da akwatin ƙarfe da uwarku Hannatu tana amarya. Na yi ta yawo tsakanin Zagga da Kurgu da fadamun bakin Kwara, ina koya wa mutanen da suka fi ni sanin shinkafa yadda ake noman shinkafa. Masu bi a garin nan ba mu taɓa yawa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ne, Hausawa da Dandawa da Fulani, mun ci naman sunansu, sun ci shinkafar Kirsimetinmu. Sai dai wanda yake ɗan kaɗan a wuri kullum gani yake za a janye masa 'ya'ya, shi ya sa muke tsaron namu da zafi, kuma babban abin tsaronmu shi ne horo. In mutum ya yi laifin da ya fito fili, majalisar dattawa takan zauna, ran Lahadi sakatare ya miƙe ya karanta sunansa, shi kuma ya tashi daga inda yake ya koma benci na ƙarshe, can bakin ƙofa inda ake jingine tsintsiya. Ba ya cin Jibi, ba ya waƙa cikin ƙungiya, ba a ɗaura masa aure a coci, sai ran da ya tsaya gaban kowa ya ce ya yi zunubi, ya tuba. Ni nake karanta sunayen. Ina da murya, kuma Allah Ya gafarta mini, nakan ji daɗin yadda coci yake yin tsit in na buɗe takardar.

Yayanku Yohanna ya gama sakandare ya zauna shekara biyu ba aikin yi, sai ya buɗe ɗan shago kusa da inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa da baburansu. Cajin waya yake yi da janareta, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai daga kwamfuta zuwa memori, ɗan abin nan da bai kai farce girma ba da ake cusawa cikin waya. Ran kasuwa shagon ba masaka tsinke. Fulani su zo da wayoyin rugarsu duka a jaka ɗaya, masu ɗaukar kaya zuwa Benin su cika memori da abin da za su ji a hanya. Ni ban taɓa shiga ba. Na ga dai yana fita da safe yana dawowa da yamma a gajiye, na ce madalla.

A shekarar aka kawo mana Fasto Dauda. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na faɗi akasin haka. Yana azumi, yana zuwa duba marasa lafiya da ƙafa cikin rana. Bai daɗe da zuwa ba aka kama wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa da bidiyon batsa a wayarta, hankalin iyaye ya tashi, na Fasto ya fi na kowa tashi. Bayan an gama yankan shinkafa ya shirya taron farkawa na kwana uku, ranar ƙarshe ya ce kowa ya zare memorin wayarsa ya kawo, za a hura wuta a harabar coci.

Ku ba ku san asalin wutar nan ba, ni na sani. A ƙasarmu, in mutum ya bar tsafi ya karɓi Almasihu, akan hura wuta a harabar coci ya kawo layunsa da gurayensa ya zuba, jama'a na waƙa. Ni kaina na yi haka ina ɗan shekara ashirin. Na ƙona layun da ubana ya ɗaura mini da hannunsa, kuma bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba har ya bar duniya. Don haka da na ga irin wutar nan an hura ta saboda memori, raina bai kwanta ba, amma na yi shiru, na yi waƙa tare da kowa. Warin ƙonannar roba ya cika harabar. Wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba ta jefa nata da murna, sai bayan kwana biyu jikanta ya gaya mata cewa a ciki ne muryar 'yarta da ta rasu take. Ran Litinin kuwa na wuce ta bakin kasuwa na ga samarin da suka fi kowa ɗaga murya wajen waƙa sun yi layi a shagon Yohanna suna sayen sabo.

Fasto ma ya gani. Majalisa ta zauna, mu shida, ya ce an sare reshe an bar saiwa, saiwar kuwa shagon ɗan sakatare ne. Ko Yohanna ya daina tura komai in ba waƙoƙin coci da wa'azi ba, ko a sa shi horo. Duk suka juyo suna kallona. Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin abin da ke cikin kwamfutar nan a cikinmu. Ba kowa. Dattijo Markus, abokina tun muna samari, ya ce:

"Sakatare, sai ka sha guba tukun za ka yarda guba ce?"

Na ce, "Markus, ni malamin gona ne. Ban taɓa tsayawa a bakin hanya na rubuta cewa gona ta lalace ba. Ku ba ni wata ɗaya in shiga in gani."

Suka ba ni, a tunaninsu zan je in lallashi ɗana ne.

Washegari na ɗauki kujerata da Littafi Mai Tsarki na je na zauna a shagon. Yohanna kamar ƙasa ta tsage ya shige. 'Yan kabu-kabu kuwa sun sami abin yi.

"Baba Sakatare, yau mi za a tura maka, na Indiya ko na gida?"

Na ce musu duka zan kalla, su dai kawo mini ruwa. Kwana biyu ina lura, na ga akwai samarin da in sun zo ba sa faɗin abin da suke so da ƙarfi, sai su sunkuya su yi raɗa, shi kuma ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. A rana ta uku na ce ya juyo da ita. Ya tsaya. Na sake faɗa. Abin da na gani ba zan rubuta shi ba. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya kama ni, hannuna ya tashi na mayar da shi aljihu saboda akwai mutane.

"Baba, kowa yana turawa," in ji shi. "In ban tura ba shagon gaba za su tafi."

"Su tafi. Yarinyar da ke cikin bidiyon nan 'yar wani ce. Allah Ya yi ta cikin kamanninsa kamar yadda Ya yi ƙanwarka Rahila. Goge shi ina kallo."

Ya goge. Da yammar nan na je gidan Fasto na gaya masa cewa a kan wannan yana da gaskiya, kuma ɗana ya yi zunubi. Ku rubuta wannan ku ajiye, don masu ba da labarina sukan tsallake shi.

Amma ban tashi daga shagon ba, don batsar ba ita ce duk abin da ke ciki ba. Na yi ta kallo da saurare har idanuna suka yi ja. Ban iya dogon ilimin tauhidi ba, tambayar da na sani ita nake yi wa kowane fim da kowace waƙa: me wannan abin yake cewa mutum ne, kuma me yake cewa zai cece shi? Sai in buɗe Littafi in gwada. Akwai wani fim na Hausa, na wani da ya yi arziki ya ajiye uwarsa a ɗakin baya, in baƙi sun zo ya ce mai aikinsa ce. Muna kallo da 'yan kabu-kabu bakwai, masu surutun nan duk suka yi tsit, ɗayansu ya tashi ya buga babur ya ce Kurgu za shi ya gaida tsohuwarsa. Musulmi ne suka yi fim ɗin, amma abin da ya faɗa a kan girmama iyaye shi ne abin da Littafinmu ya faɗa, kuma ya shiga inda wa'azina na shekara ashirin bai shiga ba. Inda fim ɗin ya gaza ma na gani. An hukunta mutumin, ya tsiyace, aka rufe, babu gafara ko ɗaya. Na tambayi samarin ko irin wannan mutumin yana da sauran hanyar dawowa. Muka yi ta gardama har la'asar, kuma ranar ce na fara faɗin sunan Yesu a bakin kasuwar Bagudo ba wanda ya tashi ya bar wurin.

Akwai kuma Malam Buba, wani makiyayi da muka yi shekaru muna gaisawa, ba mu taɓa wuce ina kwana da ina shanu ba. Duk ran kasuwa waƙa ɗaya yake so a sa masa, ta Fulatanci. Na tambaye shi abin da take faɗa. Ya ce wani ne shanunsa suka mutu, yake tambayar Allah don me Ya yi shiru. Na buɗe Littafi na karanta masa ɗaya daga cikin waƙoƙin kukan da ke ciki. Da na gama ya ce:

"Ashe ku ma kuna yi wa Allah irin wanga kuka?"

Na ce muna yi, kuma a rubuce yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba a cikin fina-finan Indiya na same shi ba. A cikin abin da majalisa ta halatta na same shi, wato wa'azi. Wani mai wa'azi ne daga babban birni, da kwat mai ƙyalli, yana ɗaga kwalbar mai yana cewa duk wanda yake cikin talauci la'ana ce a kansa, don bai ba da gaskiya ba. Matan cocinmu shi suka fi so a tura musu. Na tuna manoman da ambaliya ta cinye wa shinkafa a fadama, masu bi na gaske, suna jin wannan a wayarsu suna zargin kansu. Na sa Yohanna ya goge shi kamar yadda ya goge batsar. Da sunan Yesu a bakinsa, amma ƙarya yake yi wa Yesu.

Da wata ya cika na koma majalisa na faɗi duk abin da na gani. Na tuna musu samarin nan huɗu da aka kwashe bayi zuwa Babila, yadda suka koyi harshen mutanen da karatunsu har suka fi 'yan ƙasa iyawa, abincin sarki ne kawai suka ce ba za su ci ba. Na tuna musu cewa Ubangijinmu da kansa, da yake yi wa almajiransa addu'a, bai roƙa a ɗauke su daga duniya ba, a tsare su daga Mugun ya roƙa. Na ce an umarce mu mu gwada kowane abu mu riƙe mai kyau, kuma ba a gwada abu da wuta. Na ce laya ba ta da wani aiki sai tsafi, shi ya sa na ƙona tawa ban yi nadama ba, amma memori kwano ne, abin da aka zuba masa shi yake ɗauka, kuma 'ya'yanmu ba wanda ya koya musu ɗanɗana. Na roƙa a bar shagon, a ba ni samarin kowace Asabar mu kalla tare mu auna tare.

Fasto Dauda ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Baba, kai dattijo ne, ka iya tacewa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar bai iya ba. Ni garke aka ba ni, ba ni da lokacin bin fim ɗaya-ɗaya."

Maganarsa tana da nauyi, na sani, har yau ina juya ta. Na ce shi ya sa za mu koya musu. Aka ɗaga hannu, biyar da ɗaya. Da aka gaya wa Yohanna, ya ce batsa ya bari har abada, amma sauran ba zai ce zunubi ba ne. Aka rubuta sunansa aka miƙo mini takardar.

Ran Asabar da rana uwarku tana tsince shinkafa a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce:

"Baban Yohanna, ka karanta na 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ko muryarka ba ta taɓa rawa ba. Yau da aka zo kan naka sai ka gano Babila?"

Gaskiya ta faɗa. Ta ce in karanta kawai, wata uku ne ya tuba a mayar da shi, kowa ya huta. Na ce da batsar aka rubuta da na karanta da babbar murya, amma abin da aka rubuta shi ne yana yaɗa kayan duniya, kuma ni na zauna cikin kayan nan wata guda, na san abin da ke takardar ba haka yake ba. Ta ce to Allah Ya kyauta, ta ci gaba da tsintarta.

Ran Lahadi na karanta sanarwar sharar coci da ta taron mata. Da na zo kan takardar na ce wa jama'a an ba ni suna in karanta, na bincika, kuma ba zan iya tsayawa a ɗakin Allah in faɗi abin da na san ba gaskiya ba ne. Na ajiye littafin sakatare a kan tebur, na bi tsakiyar coci na tafi bencin baya na zauna. Kada ku ɗauka jarumta ce. Markus ne ya tashi ya karanta sunan Yohanna. Lahadi mai zuwa ya karanta nawa, laifina raina majalisa da goyon bayan kayan duniya. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Wata bakwai muna zaune mu biyu kusa da tsintsiya. Sai maganar auren Yohanna da Lami ta taso, kuma ba a ɗaura wa wanda ke horo aure. Ya same ni a gona, ya tsuguna. Na san abin da ya kawo shi. Na ce ya je ya faɗa, yarinyar mutane ba za ta tsufa tana jiran gardamar ubansa ba. Ya miƙe a coci ya ce tura waƙa da fim zunubi ne, ya tuba, aka yi tafi, ya koma caji kaɗai. Samarin suka koma shagon gaba, inda ba mai goge komai. Ran auren uwarku ta roƙi majalisa a bar ni in zauna a gaba na yini ɗaya. Suka ce in faɗa tukun. Daga bakin ƙofa na ga auren ɗana na fari, ta tsakanin ɗankwalayen mata, kuma na yi kuka, ba na murna kaɗai ba.

Sau ɗaya na taɓa miƙewa in tuba. Na ce na yi zunubi, don na karanta sunayen 'ya'yan mutane ban taɓa zuwa gidan ko ɗaya na ji ta bakinsa ba, kuma na ji daɗin karantawar. Na roƙi gafararsu da sunayensu, waɗanda na tuna. Majalisa ta ce an ji, amma ba a kan wannan aka sa ni horo ba. Na ce to shi ne wanda na yi, na koma na zauna.

Fasto Dauda ya zo ya yi mini sallama da aka canza masa wuri, muka yi addu'a tare, bai janye ba, ban janye ba. Fastoci biyu sun zo bayansa, kowanne ya ce, Baba, ka faɗa mana kawai a wuce wurin, ai maganar ta tsufa. Ta tsufa kam. Yau ba mai neman memori, wayar kowane yaro da kanta take jawo abin da take so, mai kyau da mummuna, yana kwance a ɗakin uwarsa. Babu abin da za a jefa a wuta yanzu, kuma har yau ba a koya musu aunawa ba. Ba na jin daɗin wannan, jikokina ne a ciki.

Kada ku ɗauka Jibin bai dame ni ba. Lahadin farko na kowane wata ina ganin faranti yana tahowa benci-benci, ya tsaya a na gabana, ya juya. Ina marmarinsa fiye da yadda nake marmarin lafiyar ƙafafuna. Ban taɓa fashin sujada ba, ban koma wani coci ba, don wannan ne nawa, da hannuna na ɗauki bulon gininsa. Amma teburin na Mai gaskiya ne, ba zan shiga wurinsa ta ƙofar ƙarya ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na roƙi biro da takarda ina kwance. Uwarku ba ta iya ɓoye mini abu ba. Ta gaya mini shawarar da kuka yanke bayan likita ya yi muku magana, cewa Yohanna zai je wurin majalisa ya shaida musu wai Baba ya faɗa a ɗaki, a gabansa, don a kawo mini Jibi gida, a kuma yi mini jana'iza irin ta dattijo. Na san ƙauna ce, kuma na gode. Ban yarda ba. In an kawo mini gurasar nan a kan wannan shaidar zan rufe bakina, ku ji kunya a gaban Fasto. In sun ga dama su kawo ta a kan gaskiyar da na faɗa, zan karɓa da hannu biyu ina kuka. In ba su kawo ba, ku sa ni a rami da addu'ar uwarku, ta isa.

Yohanna, kai nake yi wa magana yanzu. Ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba sau ɗaya saboda aure. Ni na ce ka je, nauyin wannan a wuyana yake, kuma na roƙi Allah gafara a kansa. Kada ka faɗa karo na biyu saboda ni.